Kujerar Ƙarshen Tebur

Da almuru, bayan kowa ya tashi, mai kula da na'urorin ofis ta shiga ɗakin taro da sabon makirufo. Tun bara Baba Akawu, mai yawan tari da shafa man zafi, yake roƙonta ta sa shi, don a ƙarshen tebur yake zama, makirufon da ke jikin allon bidiyo ba ya kamo muryarsa. Kullum amsarta, "Sai gobe, Baba." Ranar da manya suka tuhume shi ta bidiyo, ya yi ta bayani ba su ji ba. Suka sallame shi, bai daɗe ba ya rasu.

Ta ajiye makirufon gaban kujerarsa, ta kira ƙawarta ta babban ofis su gwada.

"Da ƙyar nake jin ki," in ji ƙawar, "amma tsohon nan raɗau! Saurayi kika yi, munafuka?"

"Ni kaɗai ce fa."

"To wa ke tari? Wai, 'Yarinyata, yanzu ana ji na?'"

Warin man zafi ya cika ɗakin. Ta dubi hannunta. Kan wayar USB ɗin yana nan, ba ta ma jona ba.