Baƙon Mashigin Kpatako

A shekara ta tara ta sarautar Etsu Ndajiya, ruwan Kwara ya fara janyewa bayan damina, wani baƙo ya sauka a mashigin Kpatako da jakuna huɗu ɗauke da kanwa.

Mai karɓar kuɗin fito a wurin wani dattijo ne, Tsado Legbo. A da shi ne Ndeji, babban mashawarcin fada. Da aka yi rigimar gadon sarauta ya goyi bayan yayan Ndajiya, aka kuwa kayar da su. Ba a kashe shi ba. An riƙe 'ya'yansa biyu a cikin dakarun birni, shi kuma aka tura shi bakin ruwa. Masu jirgi sukan zube wuri a tabarmarsa su wuce, ba mai zama, don gudun kada a kai sunansa fada. Har yakan kwana uku bai yi magana da kowa ba.

Baƙon ya ce sunansa Aisami, daga Barno. Ya biya, amma bai tashi ba.

"Baba, ƙasarku ta ɗaure mini kai," in ji shi. "A tudu an karɓi wuri ɗari kan kowane jaki. Kai kuma ka ce ba ruwanka da jaki."

Tsado ya yi dariya, har ya ji muryarsa baƙuwa a kunnensa. "To jakinka ne zai tuƙa jirgin? A tudu dabba ake ƙirgawa. A nan nauyin kaya muke dubawa. In ka haye kudu ma sayar da jakunan, ƙudan tsando ba zai bar maka ko ɗaya ba. Can sai 'yan dako, kuma kai ake ƙirgawa."

Aisami ya kwana shida a mashigin. Kullum da hantsi yakan zo da goro ya zauna, ya yi tambaya, ya saurara kamar almajiri gaban malami. Tsado ya bayyana masa inda takarkari ke tsayawa, da watan da manyan jirage ke daina hawa, da garuruwan da ke biyan Etsu da kifi maimakon wuri.

A rana ta shida Aisami ya ce, "Ashe duk faɗin kogin nan babu inda mutum zai haye ba a tare shi ba?"

"Akwai mana. Yammacin tsibirin can da kake hangowa, da bazara ruwa iya ƙirjin doki ne. Ba a sa kowa a can, don ba fataken da ke bi. Me za a karɓa?"

Washegari baƙon ya tafi. Tsado ya raka shi har bakin jirgi, ya tsaya har ya daina hango shi.

Da bazara ta yi, dawakai dubu suka haye ta yammacin tsibiri. Mai jagorantarsu Saba ne, ɗan yayan nan na Ndajiya da aka kayar, wanda ya girma a gudun hijira. Kwana ashirin suka kewaye birni kafin ƙofa ta faɗi. Cikin waɗanda suka mutu a bakin ƙofar har da 'ya'yan Tsado, su biyun.

Sabon Etsu ya aiko da doki da alkyabba. Manzon da ya kawo su Aisami ne.

"Baba, Etsu ya ce ka dawo kujerarka. Ya ce da bakinka aka ci yaƙin nan."

Tsado ya dube shi. Sannan ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Cikin kwana shidan nan, akwai ranar da ka zo don ni kawai?"

Aisami ya sunkuyar da kai.

"Mayar masa da dokinsa. Ka ce na gode."

Masu riƙe da tarihi sun ce Tsado ya ƙara shekara huɗu a Kpatako, kuma masu jirgi ne suka binne shi. A zamaninsa Ndajiya ya gina ganuwa, ya zuba 'yan baka a kowane sanannen mashigi, bai taɓa tunanin haɗarin da ke cikin tsohon da ya hana wa abokin hira ba. Da ya bar ko mutum ɗaya ya riƙa gaishe da tsohon, wataƙila da Ndajiya ya mutu a kan gadon mulkinsa. Allah ne masani.