Tagar Hagu ta Jirgin Fito

Da sassafe Ejvind, manajan kamfanin jiragen fito, ya kira Sufeto Birthe Kjeldsen. An sake yanke labulen ɗakin tuƙi, karo na uku a wata guda.

Labulen na leda ne mai duhu, mai tare ƙyallin rana da zafi. Na ciki yana ganin waje tar, na waje kuwa madubi kawai zai gani.

"Wani ɗan iska ne ke so jirgi ya yi karo," in ji Ejvind.

Birthe ta je jirgin ta duba. Tagogi bakwai, amma ta hagu kaɗai aka taɓa, mai kallon gaɓar tsibirin da jirgin ke zuwa. Yankan a miƙe yake sambal, ba aikin mai fushi ba ne.

Ta tarar da Kyaftin Aksel Thorup yana kurɓar kofi.

"Wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ni da Ejvind. Amma fasinjoji ba inda ba sa kutsawa."

"Ta ramin makulli?"

Gogan naka ya ci gaba da kurɓar kofinsa.

Ta bi jirgin zuwa tsibirin. Suna dosar gaɓa, Aksel ya manne da tagar hagun, rana na dukan idonsa, ya ɗaga hula. Can ƙasa wata tsohuwa a keken guragu ta ɗaga hannu, baki har kunne.

"Wace ce?"

"Ban san ta ba."

"Haba, Aksel. Haɓarku ɗaya."

Ya mayar da hularsa.

"Mahaifiyata ce. Ta manta sunana. In na je ɗakinta, likita take ce mini. A tagar nan kaɗai take gane ɗanta."

"Me ya hana ka naɗe labulen?"

"Da kansa yake sauka in rana ta fito. Na roƙi Ejvind, ya ce doka ce. Ranar da aka sa shi, wuni ta yi tana kuka wai na nutse. Ni na yanke."

Kewa ta turnuƙe Birthe. Tata uwar har ta rasu ba ta ƙara gane ta ba. Amma aiki aiki ne, ta ce ya miƙa jirgi ga mataimakinsa, ya biyo ta.

A kan gaɓa suka gifta tsohuwar. Ta riƙo hannun rigar Aksel, idonta na kan tagar.

"Bawan Allah, ɗan dakata. Yanzu ɗana zai sake leƙowa."