Kwamfuta ta Bakwai

Asibi ce ta cinye wasan tseren babur a shafin kamfanin biskit, amma Sabo, mai shagon intanet a unguwar New Bell, ya musanya sunanta da nasa, ya karɓe kyautar. Da damina ta rasu. Ƙanwarta Rahinatu ta haɗiye fushinta, ta ci gaba da yi masa aiki.

Wani dare ana ruwa, ba wuta, wata mata ta shigo, mayafinta a bushe. Kwamfuta ta bakwai, wadda Asibi ta yi wasan da ita, ta kunna kanta.

"Madam, mun rufe," in ji Sabo.

Matuƙin babur ɗin da ke kan allon ya waiwayo da fuskar Sabo, ya nufi rami. Da hagu matar ke buga wasan, kamar Asibi.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Rahinatu. Ta fita, ta danna wa ƙofar shagon kwaɗo.