Na-Sani da Fitilun Lambu

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da ake yi wa laƙabi da Na-Sani. Ba a banza ya samu sunan ba. Kafin ka rufe baki, ya ce, "Na sani!" Ko hanyar gidanku kake kwatanta masa, sai ya nuna ya fi ka saninta.

A bayan gidansu akwai ɗan lambu. Ga bishiyar mangwaro, ga kunyoyin tumatir, ga akurkin kaji a kusurwa. Kullum da yamma Kaka takan zauna a benci a gindin mangwaron. Tana kurɓar shayi, tana ba shi labari.

Ran nan ta fara masa labarin wata akuya da ta haɗiye agogo. Labari ya yi daɗi har duhu ya fara. Da suka tashi shiga gida, Kaka ba ta ga matakalar baranda ba. Ta yi tuntuɓe, ta samu targaɗe.

Baba ya ce, "Inna, don Allah ki haƙura da lambun nan da yamma, sai an sa fitila."

Na-Sani ya matso ya ce, "Kaka, to yaya akuyar ta ƙare?"

Kaka ta ce, "A lambu labarin ya fara, maigidana, a lambu zai ƙare. Ni ba na ba da labari a gaban talabijin."

Wayyo, abin ya dami Na-Sani! Ko a aji, akuyar nan yake tunani.

Da ƙafar Kaka ta warke, Baba ya tafi da shi shagon fitilu. Mai shago ya fito da wasu ƙanana masu tsini, waɗanda ake kafawa a ƙasa.

Ya ce, "Waɗannan 'yan sola ne. Amma fa sai sun..."

Na-Sani ya ce, "Na sani!"

Idonsa na can kan wata ƙatuwar fitila mai faɗin faranti. Ya ce, "Baba, wannan za mu saya. Ɗaya ce tamkar da goma!"

Baba ya yi dariya. Ya sayi ƙananan, ya haɗa da ƙatuwar, don dama yana son fitila a bakin ƙofar gida.

Da suka dawo gida, aka kira Baba wurin aiki. Ya ce, "Ka jira ni. Idan rana ta faɗi za mu zagaya lambun, mu ga inda..."

"Na sani, Baba!"

Ina! Na-Sani da jira? Baba na juya baya ya kwashi fitilu ya yi lambu.

Ƙananan ya jera su a gindin mangwaro, cikin inuwa mai sanyi. Ya ce kada rana ta lalata su, sababbi ne. Ƙatuwar kuwa ya ɗaure ta a sandar shanya, a tsakiyar rana. Ya juya fuskarta saitin ƙofar baranda, don Kaka ta fara ganin aikinsa.

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai, ba babanka ya ce ka jira shi ba?"

Ya ce, "Mama, ke dai ki shirya tafi."

Rana ta faɗi. Na-Sani ya kai shayin Kaka benci, ya tsaya yana jiran yabo.

Ƙananan fitilun suka ɗan ƙifta, kamar idon mage mai jin barci. Daga nan suka mutu murus. Ita kuwa ƙatuwar, wadda ta wuni tana shan rana, sai ta kawo wuta fal!

Zakara ya zabura a akurki. Ya ga haske, ya ɗauka gari ya waye. Ya miƙe wuya ya rangaɗa cara. Kaji suka fito suna neman abin karin kumallo.

Maƙwabci ya leƙo ta kan katanga, yana kare ido da hannu. Ya ce, "Lafiya dai? Ƙwallo za a buga a gidan nan? Ku sa ni a gola!"

Ƙwari kuwa kamar an aika musu da katin gayyata. Suka zo da 'ya'yansu da surukansu. Wasu suka faɗa shayin Kaka suna iyo. Wani ƙaton kwaɗo ya zauna a gindin sandar, ya buɗe baki yana cin banza.

Sai ga Kaka a ƙofar baranda, da sandarta. Hasken ya dake ta a fuska. Ta runtse ido ta ce, "Wane ne ya shigo mana da mota cikin gida? Direba, kashe fitila!"

Ta ɗaga ƙafa tana lalube. Hasken ya kashe mata ido, ko ƙafarta ba ta gani. Ta taka iska, ta yi gaba. Mama ta yi wuf ta riƙe ta.

Nan dariya ta ƙare. Na-Sani ya gane ɓarnar da ya yi. Da Mama ba ta kusa, da Kaka ta sake jin ciwo, kuma shi ne sila.

Kaka ta ce, "Mayar da ni ciki, 'yar nan. Duhun ma ya fi wannan mutunci."

Da Baba ya dawo, ya tarar da Na-Sani a kan benci, idonsa cike da hawaye. Zakara na ta cara har ya fara dishewa.

Na-Sani ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na ɓata komai. Kaka ta ce ba za ta ƙara fitowa ba."

Baba ya kashe ƙatuwar fitilar. Ya zauna kusa da shi ya ce, "Me mai shago ya so ya faɗa maka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ban sani ba."

Baba ya ce, "Madalla, yau mun ji sabuwar magana! Cewa zai yi sai sun sha rana da wuni, sannan su ba da haske. Kai kuwa ka kai su hutawa a inuwa. To, don wa muka sayi fitilun?"

"Don Kaka."

"Ka tambaye ta inda ba ta gani?"

Na-Sani ya tashi ya je wurin Kaka. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta.

Kaka ta ce, "Ƙafata ce ke tafiya, maigidana, ba fuskata ba. Ƙasa nake son gani. Matakala, da kwanar tumatir, da saiwar mangwaron nan mai kama zani."

Washegari suka yi aikin tare da Baba. Suka kafa fitila a kowane gefen matakala. Suka bi hanya da sauran har kusa da benci, duk a inda rana ke samu. Ƙatuwar kuma aka kai ta bakin ƙofar gida, tana kallon ƙasa.

Da yamma ta yi, fitilun suka kama a hankali. Kaka ta sauko matakala da ƙafarta, ba mai riƙe ta. Zakara na ta sharar barci.

Ta zauna ta duba kofinta da kyau. Ta ce, "Yau ba nama a shayin."

Mama ta yi dariya ta ce, "Ka gani ko? Matambayi ba ya ɓata. Ka riƙa sauraro har a gama magana, ka kuma tambayi wanda za ka yi wa aiki."

Kaka ta gyara murya ta ce, "To, akuya ta haɗiye agogo, cikinta na ta ƙaf-ƙaf. Ka san abin da ya faru da lokacin ƙararrawa ya yi?"

Na-Sani ya buɗe baki. Kowa ya zuba masa ido. Sai ya matsa kusa da ita ya ce, "Ban sani ba, Kaka. Faɗa mini."