Aku da Karen da Ya Zama Ƙashi

'Yan ajinsu suna kiranta Aku, saboda duk abin da ta ji sau ɗaya sai ta haddace shi. Ita ma tana son sunan.

Wata rana Malamar Turanci ta koya musu aikatau mai haɗi. Ta ce shi ba ya nuna aiki. Yana haɗa suna ne da sifar da ke bayyana shi. Ta rubuta misali a allo: "The milk smells sour."

"Kun gani? 'Smells' ya haɗa madara da tsaminta. 'Sour' ita ce sifar."

Aku ta haddace kalmomin tas. Sauran bayanin kuwa, ta bayan kunnenta ya wuce.

Washegari aka yi gasa tsakanin layukan ajin. Layin da ya zo ƙarshe shi zai yi shara. Malama ta rubuta: "The dog smells the bone."

"Layin taga, mai haɗi ne ko mai aiki?"

Yarinyar da suke benci ɗaya a layin tagar ta raɗa wa Aku, "Mai aiki ne. Sunsuna ƙashin yake yi."

"Ke, me kika sani?" in ji Aku. Ta miƙe zumbur. "Mai haɗi ne, Malama! Jiya kin faɗe shi."

"To, cire shi ki sa 'is', ki karanta mana."

"The dog is the bone."

"Wato karen ne ƙashin?"

Ajin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ashe zai cinye kansa!"

Malama ta tsawatar. "Ku gwada da madarar. 'The milk is sour.' Magana ta zauna, ko? Nan ne yake haɗi."

Layin taga ya zo ƙarshe. Da aka tashi, suka ɗauki tsintsiya. Ba wanda ya kula Aku.

Ta matsa kusa da yarinyar. "Ki yi haƙuri. Ke ce da gaskiya."

Yarinyar ta dube ta. "You look sad. Mai haɗi ko mai aiki?"

Aku ta tsaya, ta gwada a ranta. "You are sad. Mai haɗi ne! Sifar kuma 'sad'."

Sai dariya ta kama su duka. Malama, da ke kulle kabad, ta ce, "Yawwa. Hadda ba fahimta ba ce. Ki riƙa gwadawa kafin ki amsa, kuma ki saurari na kusa da ke."

"Na ji, Malama," in ji Aku. Suka ƙarasa sharar tare.