Kwandon Sharar Mai Hoto

An zubar da sharar da ke cikin kwamfutar mai hoto, ashe duk hotunan marigayiyar matarsa a cikin sharar nan suke. Daga nan rigimar ta taso.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta tebur, a kusurwar shago kusa da shuɗin labulen da ake tsayawa gabansa a ɗauki hoto. In ka kunna ta, sai ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Mai neman hoton fasfo na gaggawa ya zauna a benci ya yi ta jira, ransa ya ɓaci ya tafi wani shagon. Mai hoto shi ke ɗauka, 'yarsa ke gyarawa ta buga. Auta ake ce mata, yayyenta duk sun yi aure.

Ita ta kira mai gyara, ranar da babanta ya fita aiki. Saurayi ne siriri da jaka a baya, 'yan layi na ce masa Injiniya. Ya yi sallama, ta ɗago kai, sai ya tsaya riƙe da ƙofa kamar ya manta abin da ya kawo shi.

"Ba ni ce marar lafiyar ba," ta ce. "Ga ta can."

Ya kwance murfin, ya hura, ƙura ta turnuƙe shagon. Fanka ta toshe. Ya kunna, ya nuna mata tarin manhajojin da ke tashi tare da ita, kowacce na jan ƙafarta.

"Wannan ai an ɗora mata kaya ne tun ba ta buɗe ido ba," ya ce. "Ko ke aka yi wa haka sai kin yi nawa."

"Ni ba na nawa."

"Na ga alama. Tun ɗazu kike korata da ido."

Ta yi dariya ta juya kai. Shi ke nan, magana ta ƙare, sauran duk bayani ne.

Gyaran da ya kamata ya ƙare a zama ɗaya sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya kawo ƙarin ƙwaƙwalwa, gobe ya zo ya ga ko ta karɓa, jibi ya ce ya manta sukundireba. Ta sa masa suna Malam Sauri. Shi kuma Gimbiyata yake ce mata, amma a waya kawai, a gabanta ba ya iyawa.

Wata rana ya rubuto: "Gimbiyata, yaya jikin marar lafiya? Ki gaishe ta. Ki gaishe da mai jinyar sau biyu."

Ta mayar: "Ta ji sauƙi. Mai jinyar ce yanzu ba ta gane kanta."

Mai hoto ba yaro ba ne, ya gani. Bai so ba. Yana da wanda yake so, ɗan amininsa mai shagon kayan lantarki a bakin titi, wanda ake kira Sabon Kwali saboda komai ka kai masa sai ya ce ka yar ka sayi sabo.

"Wancan yaron tsofaffin kayan mutane yake tonawa," mai hoto ya ce wa Auta. "Ban ce mugu ba ne. Amma ki rage."

Ta ce to. Ba ta rage ba.

Ranar da abin ya faru, mai hoto ba ya nan. Injiniya ya nuna mata layin ma'ajiyar kwamfutar ya yi ja, ciki ya cika maƙil.

"Ga abin da ya rage. Kwandon shara, inda abin da aka goge ke taruwa, ya cinye wuri da yawa. Bari mu buɗe mu ga me ke ciki tukuna."

"Haba Malam Sauri, wa ke duba shara?"

Ta janye linzamin kwamfutar daga hannunsa, ta danna. Kwamfuta ta tambaya ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata.

Na'ura ta saki jiki, abin da aka taɓa sai ya buɗe nan take. Daɗi ya kama Auta. Ta ɗauko kyamarar babanta ta ce ya tsaya gaban labule. Ya tsaya kamar wanda aka kama. Ta yi ta ɗauka tana dariya, ta zuba hotunan cikin kwamfutar don ta ga saurin shigarsu.

Washegari ta iske babanta zaune gaban allo, hula a gwiwa. Kullum shi ke riga ta zuwa shago, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Kwandon shara a buɗe, fari fat.

"Ina uwarki?" ya ce.

Ba ta gane ba. Sai ya faɗa mata, bai kalle ta ba. Bayan rasuwar, ya kasa ganin hotunan, ya goge su duka. Suka faɗa kwando. Ya kasa zubarwa. Daga baya ya lura nan ne kawai wurin da ba wanda ke leƙawa. Kowace safiya sai ya fito da wani ɗan bidiyo, tana zaune a kujerar shagon nan tana ce masa ya daina ɗaukarta ba ta shirya ba. Ya kalla, ya ji muryarta, ya mayar kwando kafin Auta ta iso. Babu su a ko'ina sai nan.



"Kira min yaron nan."

Injiniya ya zo. Ya dubi allo, ya dubi Auta, ya gane komai.

"Wa ya zubar?"

Auta ta buɗe baki. Ya riga ta.

"Ni ne, Baba."

"Kada ka sake ce min Baba. Fita. In na sake ganin ƙafarka a layin nan, ni da kai ne."

"Zan fita. Amma don Allah a kashe ta yanzu, kada a ajiye komai a..."

"Fita na ce!"

Bai kai ƙarshen layi ba saƙonsa ya shigo: "Gimbiyata, ki kashe ta ki zare wayar wuta ki ɓoye. Hotunan ba su tafi ba tukuna, sunansu kawai aka share. Amma duk sabon abin da aka ajiye, a kansu zai zauna. Kada ki bari kowa ya kunna."

Ta rubuta: "Me ya sa ka ce kai ne?"

"Ni in ya tsane ni, gidanmu daban. Ke kullum sai kun haɗa ido."

Ta ɓoye wayar wutar cikin jakarta. Masu fasfo suka yi ta zuwa tana ce musu na'ura ta lalace. Mai hoto ko kyamara bai taɓa ba.

Da yamma sai ga Sabon Kwali, da turare da makullin mota a yatsa.

"Baba, ai na sha faɗa. Tsohon abu sai baƙin ciki. Gobe zan kawo sabuwa a kwali, in ɗauke wannan, yarana su wanke ta tas a sayar."

"Ɗauke ta," mai hoto ya ce. "Ba na son ganinta."

"Baba, in aka wanke ta shi ke nan fa," Auta ta ce. "Har yanzu ana iya..."

"Wa ya faɗa miki? Shi? Har yanzu kuna magana?"



Da safe ta riga babanta fita, karo na farko. Da sukundireban nan da aka manta da gangan ta kwance murfin. Injiniya na turo mata bayani a waya, ta zare ma'ajiyar, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu. Ta naɗe a gyale ta kai masa rumfarsa a kasuwar 'yan waya. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ban yi miki alkawari ba," ya ce. "Amma ba zan tashi daga kanta ba."

Sabon Kwali ya zo ɗaukar kaya. Ya ga murfi a kwance, ya leƙa.

"Baba, an yi maka sata! Hotunan mutane ne fa a ciki, har na matan aure. Yaron da ka kora ya riƙe su, me kake tsammani zai yi da su?"

Mai hoto ya sa hula. Auta na bayansu tana kira, bai juyo ba.

Rumfar ƙarama ce, mutum biyu sun cika ta. Ma'ajiyar na kan tebur, an jona ta da kwamfutar Injiniya, wani koren layi na tafiya a allo kamar ba ya so. Mutane suka fara taruwa.

"Ba ni kayana," mai hoto ya ce.

"Zan ba ka. Amma in aka zare yanzu, tsohuwa ce, ba lallai ta sake tashi ba."

"Ji ɓarawo da bayani," Sabon Kwali ya ce, ya miƙa hannu zai fizge wayar da aka jona ma'ajiyar da ita.

Injiniya ya kifa ƙirjinsa a kan teburin, ya rufe ta da jikinsa. Mai hoto ya ɗauke shi da mari, har 'yan rumfar gaba suka ji. Bai ɗago ba. Bai kare fuskarsa ba.

"Ƙara, Baba. Amma kada a taɓa wayar nan."

Auta ta kutsa cikin mutane, gyale ya zame.

"Baba, ni na danna! Ya ce a duba, na ƙi. Ni na zubar da Mama. Ni na kwance na kawo masa. In mari ne, ga ni."

Mai hoto ya dubi hannunsa, ya dubi yaron da ke kife a tebur, shatar yatsu a kumatunsa.

Sai allo ya motsa. Wani ɗan ƙaramin hoto ya fito a kusurwa: mace da ɗankwali ruwan goro, tana kare fuska da hannu tana dariya. Wani ya biyo. Wani kuma.

Mai hoto ya nemi wurin zama, wani ya tura masa benci.

"Yaushe zai gama?"

"A hankali yake tafiya, Baba. Wannan aikin ba a sa shi sauri."

"Bar shi ya yi nawarsa."

Sabon Kwali ya ce yana da baƙi a shago. Ba wanda ya riƙe shi.

Suka zauna su uku har rana ta karkata. Hotuna suka dawo, kusan duka. Aka zo kan bidiyon. Injiniya ya gwada ta nan, ya gwada ta can, gumi na ɗiga. Guntu ne ya buɗe. Ga ta a kujera, bakinta na motsi. Babu murya.

"Wani abu ya zauna a kansa," ya ce a hankali.

"Me? Ai ba a ajiye komai ba," mai hoto ya ce.

Auta ta fashe da kuka. Ta nuna wa babanta abin da ya zauna a kan muryar, hotunan da ta ɗauka ranar nan: Injiniya gaban shuɗin labule, hannaye a gefe, kunya ta kama shi.

Mai hoto ya daɗe yana kallo.

"Haske ya yi yawa a goshinsa," ya ce. "Na sha faɗa miki ki rage fitilar hagu."

Ya goge ido da hularsa.

"Uwarki haka take. Baƙo ya shigo, ita ke fara tashi ta ba shi kujerarta." Ya juya wurin Injiniya. "Kai kuma, mutum ya mare ka kana ce masa Baba. Ka yafe min. Ka turo manyanka."

A ranar Auta ta rubuta wa Injiniya: "Malam Sauri, kumatun ya sauka?"

Ya mayar: "Kada ya sauka, Gimbiyata. Shi ne shaidata."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Mai hoto bai bar kowa ya riƙe kyamara ba. Ya tsayar da su gaban labulen nan, ya gyara fitilar hagu da kansa, ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare." Kowa ya ce amin. Allah ya amsa.

Hotunan marigayiya yanzu suna wuri uku, ango ne ya kwafe su, babba ɗaya kuma an buga an rataye a bangon shago. Kwamfuta na gudu, masu fasfo sun dawo.

Mai hoto har yau shi ke fara zuwa shago. Ya kunna guntun bidiyon nan, matarsa ta ɗaga hannu tana dariya, bakinta na motsi. Shi ke faɗin maganar da bakinsa, don ya haddace ta. Muryarta kam ba ta dawo ba.