Manhajar da Suhaib Ya Goge

Matan unguwar New Bell suna cewa Mardiya ba ta iya fushi ba. 'Yan bensikin, wato 'yan acaɓa, kuwa cewa suke ita ce yarinyar da ta haɗa musu manhajar neman fasinja a waya, wadda ke jin Hausa da Fulatanci.

Manhajar ce ta kai ta shagon Suhaib, mai sayar da waya a unguwar Akwa. Ta roƙe shi ya riƙa saka ta a sababbin wayoyi. Ya ce to, idonsa bai bar fuskarta ba. Kafin damina ta wuce, manyansa sun je gaisuwa gidansu.

Sai babban kamfanin da kusan duk wayoyin garin ke aiki da manhajarsa ya aiko wa dillalai: duk wanda ya saka ta wani, an daina ba shi kaya. Suhaib ya bi wayoyin shagonsa ya goge ta Mardiya, bai gaya mata ba. A bakin wani ɗan bensikin ta ji.

Mahaifinta ya ce, "Mutumin da ya share wahalarki a ɓoye zan danƙa wa amanarki? Ya dakata da maganar aure."

Suhaib ya aika atamfa, ya aika turare, ya biyo da saƙo: "Mardi tawa, kin ga kayan?"

Ta amsa: "Na gani. Kotu ta kama kamfanin da laifin danne ƙanana irinmu, masu kamfanin ma so suke a ci su tara a wuce wurin. Su biya yau, gobe su sake goge mu. Ko a raba kamfanin biyu, ko a bar mai waya ya zaɓi manhajar da yake so. Kai kana wane ɓangare?"

Ranar da kotu ta saurari dillalai kan hukuncin da za ta yanke, kowa ya ce tara ta isa, don tsoron rasa kaya. Suhaib ya miƙe ya faɗi yadda aka tsoratar da su, ya nemi a soke sharaɗin hana saka manhajar wani. Washegari kamfanin ya daina ba shi kaya.

Da mahaifinta ya ji, shi da kansa ya kira manyan Suhaib aka sa rana. Aka ɗaura aure a masallacin unguwa, 'yan bensikin suka cika titi, tsofaffi na ta sa albarka.

Da aka kai ta ɗakinsa, ta ƙi ɗaga mayafi. Ta ce, "Ka gaya wa alƙali komai, malam. Ni fa?"

Ya durƙusa a gabanta.

"Tsoro na ji, na goge aikinki, na kuma ɓoye miki. Mardiya, ki yafe mini."